Babban Mutum da Sauran Sunayen Garuruwan Ƙasar Daura

A kusurwar arewa maso gabashin Jihar Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, akwai garin Babban Mutum, dab da iyakar Najeriya da Nijar, a kan hanyar da ke shiga Magarya ta zarce Damagaram. Duk Bahaushen da ya ji sunan nan ya gane shi nan take, ba ya bukatar ƙamus ko tafinta. To amma wannan sauƙin shi ne tarkon. Sunan ya ce akwai wani mai girma, ya yi shiru a nan. Bai ambaci mutumin ba, bai faɗi zamaninsa ba, bai ma fayyace ko girman na jiki ne, na shekaru, na sarauta ko na dukiya ba. Haka yawancin sunayen garuruwanmu suke: a fili suke ga kunne, shi ya sa muke ɗauka mun san tarihin gari da zarar mun fahimci sunansa. Abin da nake gani shi ne, sunan gari shaida ce ta gaske, kuma sau da yawa ya girmi labarin da ake bayarwa don bayyana shi. Don haka wanda ke neman tarihi ya fara tsare sunan yadda mutanen wurin ke furta shi, sannan ya auna labarin a kan sunan. Mu kuwa mun saba yin akasin haka, mu haddace labarin, mu bar sunan yana lalacewa a hannun akawu da mai zanen taswira.

A duba maƙwabtan Babban Mutum kawai. Daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Ɓaure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu, biyu sunan itace suke ɗauke da shi, kuma Magarya da ke tsallaken iyaka ita ma sunanta ɗaya da na itaciyar da kowa ya sani. Ba abin mamaki ba ne. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai yashi, inda babu tsauni ko babban kogi da za a yi kwatance da shi, itace shi ne alama. Manomi yana share daji ya bar mai amfani a tsaye. Aduwa tana jure fari, ana tsotsar 'ya'yanta, ana cin ganyenta, ana sassaƙa allon makaranta da itacenta, ƙayarta kuma tana shinge. Ɓaure yana son wuri mai laima, saboda haka inda ya girma akwai alamar ruwa ba ya nisa. Sunan itace ke nan yana faɗin dalilin da ya sa aka sauka a wurin. Zango kuwa sana'a ce sunan ya adana: masaukin fatake, inda madugu ke tsayar da ayari, a sauke wa jakuna da raƙuma kayan kanwa da gishiri, a shayar da su, a kwana. Tsohon Birni da ke arewa da Daura yana shaida cewa an yi ƙaura. Sunaye masu ƙarewa da "awa", irin su Taramnawa a ƙasar Ɓaure ko Musawa da Bindawa a ƙasar Katsina, jama'a suke nunawa, mutanen wane ko mutanen wuri kaza. Sai kuma garuruwan da suka riƙe sunan mutum ƙarara, kamar Ƙauran Namoda, wadda ke ɗauke da sunan ɗaya daga jagororin jihadi a Zamfara, ko Malam Madori a ƙasar Haɗeja.

Babban Mutum ya faɗa tsakanin waɗannan. Yana nuni ga mutum, amma ya sakaya shi. Wanda ya san alkunyar Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ya zama Abba ko Baba har ya yi furfura. Talaka ba ya ambaton sunan yanka na sarkinsa, sai dai sarautarsa. Idan daga wani mutum sunan garin ya samo asali, to girmamawar da ta sa aka tuna shi ita ce kuma ta ɓoye shi, domin waɗanda suka san shi ba su ga bukatar faɗin sunansa ba, waɗanda suka zo bayansu kuma laƙabin kaɗai suka gada. A irin wannan gurbi ne labari ke tsirowa. Yaro zai tambayi kakarsa wane ne babban mutumin, kuma ba a sallamar yaro hannu banza.

Babu inda aka fi ganin yadda suna ke haifar da labari kamar a Daura kanta. Kowa ya san tarihin Bayajidda: ya fito daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sarauniya Daurama ta aure shi. Rijiyar tana nan, an gina mata ɗaki, baƙi na zuwa su sha ruwanta. Amma a lura da yadda kowane suna a cikin labarin ya zo da fassararsa a goye. An ce Bayajidda yana nufin ba ya jin Hausa a da. An ce kuyangar da aka ba shi ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari, ita kuma Daurama da ta haihu ta mayar da martani da Bawo, wato a bayar da garin ya dawo. An ce macijiyar sunanta Sarki, wanda ya kashe ta ya zama makas-sarki, daga nan kalmar sarauta ta fito. Fassara huɗu a labari ɗaya, kowacce ta zauna daram, ai daidaiton ya yi yawa. Rayuwa ba ta cika raɗa wa mutane sunayen da za su dace da abin da zai faru da zuriyarsu ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne sunayen suna nan tun da farko, masu hikima suka saƙa zance ya bi ta kansu. Salon bai tsaya a Daura ba. Kano an ce sunan wani maƙeri ne daga Gaya da ya zo neman tama a Dala, Katsina an ce sunan wata 'yar sarautar Daura ce matar Janzama, Zariya kuma 'yar Bakwa Turunku, ƙanwar Amina. Duk inda suna ya gagari fassara, sai a mayar da shi mutum.

Za a iya cewa wannan zato ne kawai, tunda ba mu da takarda mai kwanan wata da ke nuna wanne ya riga wanne. Shi ya sa yake da amfani a leƙa wurin da takardar take. A arewacin Sifaniya, a ƙasar Baskawa, al'ummar da ita ma iyaka ta raba ta tsakanin Sifaniya da Faransa, akwai ƙaramin gari a lardin Gipuzkoa da mutanensa ke kira Arrasate. A shekarar 1260 Sarki Alfonso na 10 na Kastila ya ba garin takardar 'yanci, kuma a cikinta ya sauya masa suna zuwa Mondragon, wato dutsen dodo, suna irin na ƙawa da ake samu har a kudancin Faransa. Yau garin yana da tatsuniyar wani dodo mai siffar ƙaton maciji da ke zaune a kan tsauni yana cin mutane, har masu narkar da ƙarfe na garin suka yi dabara suka hallaka shi, wai daga nan sunan ya samo asali. Amma takardar sarki tana nan, ta nuna alƙalami ne ya kawo sunan. Abin lura na biyu shi ne tsohon sunan bai mutu ba. Shekara fiye da 700, har da zamanin Janar Franco daga 1939 zuwa 1975 lokacin da aka kori harshen Baskawa daga ofis da makaranta, mutane suka ci gaba da cewa Arrasate a gidajensu. Yanzu sunayen biyu ne a jere a kan allon shiga garin, wanda duniya ta sani saboda ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da aka fara a can a 1956. Darasin da ya shafe mu shi ne baki yana riƙe suna da aminci fiye da yadda yake riƙe dalilin sunan.

Mai ƙorafi zai taso ya ce: wannan ai raina dattawa ne, kuma bin sawun Turawan da suka ce ba mu da tarihi sai abin da suka rubuta. Ƙorafin yana da nauyi, domin mafi yawan abin da muka sani game da ƙasar Daura daga baki ya fito. Littafin da M. G. Smith ya wallafa a 1978 kan al'amuran Daura ya dogara ƙwarai a kan abin da masu sarauta da dattawan fada suka faɗa masa, kuma girgam ɗin Daura, wato kundin tarihin sarakunanta, da Palmer ya buga a 1928 fada ce ta adana shi. Sai dai zancen baka iri-iri ne. Jerin sarakuna, take da kirari, sunayen sarautu da wanda ke naɗa wa, iyakar gona da gona, waɗannan akwai masu tsaronsu, kuma in maroƙi ya yi kuskure a gaban fada akwai mai gyara masa. Fassarar suna ba ta da irin wannan mai tsaro, kowa na iya ƙara gishiri, wadda ta fi daɗi ita ke yaɗuwa. Kuma ba Turawa ne suka fi tuhumar labarin Bayajidda ba. Su sun so shi, domin ya dace da ra'ayinsu na cewa mulki daga waje ya shigo wa baƙar fata, har aka yi ƙoƙarin haɗa shi da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya mutu a 947. Masana tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, su ne suka nace cewa birane da sarautun Hausa sun tsiro ne daga noma, ƙira, kasuwanci da cuɗanyar jama'ar ƙasar. Auna labari ba zubar da shi ba ne. Labarin Kusugu tarihi ne na gaske, tarihin yadda Daura ta kafa hujjar zama uwa ga Hausa Bakwai. A littafinsa Infaƙul Maisuri, Muhammadu Bello ya kawo ruwayar da ta mayar da Bawo bawan Sarkin Barno. Suna ɗaya, ruwaya biyu, kowacce ta yi daidai da matsayin mai bayar da ita.

Cewa suna hujjar mulki ne, ƙarni na 19 ya tabbatar da shi a wannan yanki. Wajen 1805 Malam Ishaku ya karɓi Daura da tutar jihadi, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Zuriyar tsohuwar sarautar ba su bar sunan a baya ba, da shi suka tafi. Aka wayi gari akwai Daura ta birni a hannun Fulani, ga Daura ta Zango, ga ta Ɓaure, waɗannan biyun a ƙarƙashin inuwar Damagaram, kowacce na cewa ita ce ta ainihi. Haka Haɓen Katsina suka yi a Maraɗi, inda har yau sarautar Sarkin Katsina ake naɗawa, haka Gobirawa a Tsibiri, haka Zagezagi a Abuja. Rarrabuwar Daura ta ƙare a 1906, da Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, aka haɗe ƙasashen wuri ɗaya, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon har yanzu. Su Zagezagin gudun hijira kuwa a ƙarshe sunan nasu ma aka karɓe. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 ya sallama sunansa ga sabon babban birnin tarayya bayan dokar 1976, ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Wanda ya tashi yau ya ji Abuja ba zai san an taɓa yin wani Abubakar mai jan fata ba sai an gaya masa.

Abin da ya fi sauya rayuwar Babban Mutum kuwa babu alamarsa a cikin sunan ko kaɗan. Ingila da Faransa sun fara raba ƙasar nan a takarda a 1890 da layin da ya tashi daga Say zuwa Barruwa, suka sake shi a 1898, suka sake a 1904 saboda Faransawa na son hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi, suka daidaita a 1906. Daga nan zuwa 1908 ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ya bi ƙasa yana kafa turaku. Layin ya ratsa tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura, ya bar Magarya a arewa, Ɓaure da Zango a kudu. Garin da yake cikin ƙasa ya zama bakin ƙasa, mai shingen kwastan da jami'an shige da fice, inda motar kaya ke tsayawa a duba takardu, 'yan canji na juya naira da sefa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, irin waɗannan garuruwa ne suka fara jin jiki. Duk wanda ya tsaya a kan tambayar wane ne babban mutumin, ya manta da turakun Tilho, ya bar kashi mafi girma na tarihin garin.

Iyakar ta kuma raba alƙalami biyu. A arewa Bafaranshe ya rubuta Tessaoua, Tahoua, Dogondoutchi da Kantché, inda baki ke cewa Tasawa, Tawa, Dogon Dutsi da Kance. A kudu Ba'ingile ya rubuta Sokoto a madadin Sakkwato, ya cire lanƙwasar Ɓaure da ta Ƙanƙara. An daidaita haruffa masu lanƙwasa tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939, amma har yau takardun hukuma ba su karɓe su a sunayen garuruwa ba. Ana rubuta Mai'adua, baƙo ya karanta ya zaci mai addu'a ne, itaciyar ta ɓace, kuma ba a rasa wanda zai ƙago waliyyin da ya yi addu'ar. Shi ma Babban Mutum akan sauke masa harafi ɗaya ya koma Baban Mutum, mai girma ya zama mahaifi, wani sabon labarin ya sami ƙofa.

Wani zai ce wannan aikin masu lokaci ne, harafi ba ya kawo ruwan famfo ko kwalta. Gaskiya ne ba ya kawowa. Amma takardar shaidar zama ɗan ƙasa, rajistar zaɓe, jerin ƙauyukan da za a kai wa rigakafi da taswirar da ke cikin wayar hannu duk da suna suke aiki, kuma gari mai rubutu uku yana iya zama gari uku ko ya ɓace ɗungurungum. Ban da haka, yanzu yaro daga allon makaranta da waya yake koyon sunan garinsu, ba daga kakarsa kaɗai ba, ma'ana rubutu ya fara gyara baki. Kariyar da ta ceci Arrasate shekara 700, wato baki ya yi tafiyarsa alƙalami ya yi tasa, ba lalle ta ci gaba da aiki ba. Baskawa sun gane haka. Hukumar harshensu, Euskaltzaindia, wadda aka kafa tun wajen 1919, tana da kwamitin sunaye da ke tattara tsofaffin rubuce-rubuce da furucin mutanen wuri kafin ya ba da shawarar yadda za a rubuta sunan gari. Aikin bai rasa rigima ba, don akwai garuruwan da aka yi ta jayayya kan wane suna zai zo gaba. Namu ya fi sauƙi, tunda ba sauya suna muke bukata ba, daidaita rubutu ne da furuci. Akwai masu iya aikin: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da majalisar masarautar Daura, wadda hakimai da dagatanta suka san kowane ƙauye da sunansa.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne wannan: idan baki yana ƙago labari don ya dace da suna, me zai hana shi lanƙwasa sunan kansa don ya dace da harshe? Yana yi kuwa. Hausa ta shafe ƙarnoni tana haɗiye wasu harsuna, kuma sunan da ya fito daga Fulatanci, Barbarci ko wani harshen da ya shuɗe yana iya gogewa a baki har ya yi kama da kalmar Hausa. Kaduna misali ce: Bahaushe ya ce jam'in kada ne, kadduna, Gbagyi kuma suna da tasu fassarar daga kalmarsu ta kogi. A ƙasar Daura, inda Fulani makiyaya, Barebari da Buzaye suka daɗe suna cuɗanya da Hausawa, ba za a ce kowane suna mai sauƙin fassara ya tsira daga wannan ba. Sai dai wannan bai rushe hujjar ba, ya ƙara mata sharaɗi ne: furuci ɗaya bai isa ba, sai an gwama shi da wasu. Suna mai kalma biyu cikakku da nahawunsu daidai, irin Babban Mutum ko Tsohon Birni, ya fi wuyar zama gogaggen baƙon suna fiye da kalma guda kamar Sandamu. Kuma akwai hanyoyin gwaji. A ji yadda mutanen Magarya ke kiran garin, da yadda Fulanin da ke kiwo a gefensa ke kiransa da harshensu. A saurari kirarin garin da taken dagacinsa, don kirari yakan riƙe tsohuwar siffar suna bayan zancen yau da kullum ya sake ta. A nemi wasiƙun ajami na fadar Daura da ta Damagaram, da rahotannin kimanta haraji na gundumomi da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da taswirorin ayarin iyaka na 1906 zuwa 1908, waɗanda dole suka rubuta sunayen ƙauyukan da layin ya bi ta gefensu, don da su ake gane inda kowane turke yake.